Gidan naka ne, Yaya, amma tagar ba taka kai kaɗai ba ce

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je gaishe da wani yayanmu a kudancin Landan, abokin babban wana tun suna makaranta. Na same shi tsaye a falo da wasiƙa a hannu, ransa a ɓace. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo min takardar. Daga ƙaramar hukumarsu take. Sun ƙi amincewa ya cire tagogin katako na gaban gidansa ya sa na roba masu gilashi biyu.

Gidan ginin zamanin Sarauniya Biktoriya ne, hawa uku, manne da 'yan'uwansa a layi ɗaya, kuma yana cikin rajistar gine-ginen da doka ta kare. Ya san da haka tun ranar da ya saya, lauyansa ya faɗa masa. Sai dai jin magana a ofishin lauya daban, kwana cikin hunturu daban.

"Ƙanena, zo ka ji," ya ce, ya kama hannuna ya kai gindin taga. Iska kuwa na shigowa, siririya mai sanyi, ta tsakanin katakon sama da na ƙasa. A kusurwar hagu fenti ya kumbura ya fashe, katakon ya yi laushi har farce na shiga. "Da gumina na sayi gidan nan, har gobe ina biyan banki. Kuɗin gas ni ke biya. Sai wani da bai taɓa kwana a ɗakin nan ba ya ce ba ni da ikon canza tagata?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma a wannan karon ina ganin gaskiyarsu."

Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ban ji daɗin faɗinta ba, don na ga sanyin da 'ya'yansa ke sha. Tun daga ranar abin yake cina, shi ya sa na zauna na rubuta. Ra'ayina shi ne dokar da ta ɗaure hannun mai tsohon gida irin wannan daidai take, kuma da ni ake tambaya ba zan sassauta ta ba. Amma gwamnatin da ta ɗora wa mutum wannan nauyi tana cutarsa ta wata ƙofar, kuma can ya kamata fushin Yaya ya nufa.

Jan Gida

Abin da ya sa nake da wannan ra'ayi wani gida ne a Bexleyheath, kudu maso gabashin Landan, da ake kira Red House, wato Jan Gida. Za ka bi ta cikin unguwa mai gidaje iri ɗaya, layi bayan layi, sai kawai ka ci karo da doguwar katanga ta jan bulo da itatuwa na leƙowa ta samanta. Lokacin da aka gina shi babu ko ɗaya daga cikin maƙwabtan nan. Lambun tuffa ne a wani ƙauye na yankin Kent.

William Morris, mai zanen kayan ado kuma marubuci, shi ne ya sa aka gina shi, yana ɗan shekara 25, sabon aure, shi da amaryarsa Jane. Abokinsa Philip Webb ya zana gidan a 1859, kuma shi ne aikinsa na farko da ya yi da sunan kansa. Suka tare a 1860. An kashe kusan fam 4,000.

A wancan zamani mai kuɗi yakan shafe gaban gidansa da farin yaɓe don ya yi kama da dutse, ya jera tagogi a kan layi, hagu daidai da dama, ko da ɗakunan ciki ba su buƙaci haka ba. Webb ya ƙi wannan hanya. Ya bar bulon a fili, ja kamar yadda ya fito daga wuta. Ya fara da tambayar abin da kowane ɗaki ke buƙata, sannan ya huda taga a inda hasken zai yi amfani. Shi ya sa in ka tsaya a tsakar gidan za ka ga wata taga doguwa, wata gajera, wasu zagayayyu a jere a saman bene, wasu da baka mai tsini a kansu. Rufin jan tayil ne mai gangara sosai, yana hawa yana sauka. Ginin ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu, a cikin lanƙwasar kuma ga rijiya da aka yi mata hula mai tsini ta tayil a kan ginshiƙan katako.

Na daɗe a gindin matakalar. Itacen oak ne, ba a ɓoye yadda aka haɗa shi ba, kana ganin inda wannan katako ya shiga cikin wancan. Ginshiƙan sun miƙe sama sun ƙare da tsini. In ka ɗaga kai, silin ɗin da ke sama zane ne da aka yi da hannu, kuma hannun ya nuna kansa, don layukan ba su yi daidai irin na inji ba. A zauren shiga akwai wani babban kabad mai wurin zama da Morris ya fara yi wa zane bai ƙarasa ba, har yau yana nan a haka, rabi da launi, rabi babu.

Morris bai sami kayan ɗakin da suka yi masa ba a kasuwa, sai shi da abokansa, irin su Edward Burne-Jones da Dante Gabriel Rossetti, suka zauna suka yi nasu. Daga wannan aiki ne kamfaninsa na kayan ado ya samo asali a 1861, kuma zanen furanni da ganyaye da ya fito daga hannunsa har yau ana buga shi a labule da takardar bango.

Gidan yana da aibinsa. Manyan ɗakunan arewa suke kallo, rana ba ta shiga sosai, akwai sanyi. Tashar jirgin ƙasa na da nisa, zuwa aiki Landan da dawowa na cinye wa Morris awoyi kullum. Shekara biyar kawai ya yi a ciki. Ya tashi a 1865, bai sake komawa ba.

Daga nan gidan ya yi ta sauya hannu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har ofishin gwamnati ya zama. An sa shi cikin rajista a daraja ta ɗaya, wato mafi girma, a 1950. A 1952 wasu masu zanen gini biyu, Ted Hollamby da Dick Toms, suka saye shi suka zauna da iyalansu, iyalan Hollamby kuma suka riƙe shi kusan shekara hamsin, suna gyara abin da ya lalace, suna buɗe wa masu son gani ƙofa. A 2003 ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta karɓe shi.

A 2013 masu gyara suka gano wani babban zane a bangon ɗakin barcin Morris, wanda kabad da takardar bango suka rufe shekara da shekaru. Mutum biyar ne a tsaye, aikin Morris da abokansa. Masu gidan da suka gabata da dama sun kwana a ɗakin nan ba su san abin da ke bayan takardar ba. Da ɗaya daga cikinsu ya tashi wata safiya ya ce gidansa ne, ya kira lebura ya kankare bangon ya yi sabon yaɓe, da babu wanda zai taɓa sanin an yi asara. Wannan shi ne abin da nake so Yaya ya gane. Mai gida yana iya zama mutumin kirki mai kyakkyawar niyya, kuma ya lalata abin da bai san yana da shi ba.

Me dokar ta ce?

A taƙaice, tsarin rajistar ya samo tushe ne daga dokokin tsara birane na 1944 da 1947, bayan bama-baman yaƙi sun ci gine-gine da yawa, kuma dokar da ake aiki da ita yanzu ta 1990 ce. Hukumar Historic England ke kula da rajistar a Ingila, akwai kimanin 400,000 a ciki. Daraja uku ce: ta ɗaya, ta biyu mai tauraro, da ta biyu. Sama da kashi 90 cikin 100 suna a ta biyu, irin gidan Yaya ke nan. Irin su Jan Gida ba su kai kashi 3 ba.

Dokar ba ta hana taɓa gida ba. Cewa ta yi duk aikin da zai canza kamannin da ya sa aka kare shi, ciki ko waje, sai an nemi izini daga ƙaramar hukuma. Neman izinin kansa kyauta ne. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi, ana iya cin sa tara mai nauyi ko ɗauri har na shekara biyu, a kuma tilasta masa ya mayar da abin yadda yake.

"Ai da kuɗina na saya"

Gaskiya ne. Amma me aka sayar maka? An sayar maka da gida mai sharaɗi, sharaɗin kuma a rubuce yake tun kafin ka sa hannu. Kuma wani ɓangare na abin da ya ja hankalinka zuwa layin nan, wanda ya sa ka biya abin da ka biya, shi ne yadda gidajen suka jeru suna amsa wa juna, taga da taga, ƙofa da ƙofa. Wannan kyau ya kai gare ka ne saboda an hana waɗanda suka riga ka yin abin da kake son yi yau.

Kowa ya yi yawo a Landan ya ga layin da ba a kare ba. Wannan ya sa tagar roba mai kauri, wancan ya shafe bulo da fenti, na gaba ya rushe 'yar katangar gaba ya zuba siminti don ajiye mota, wani ya cire bututun hayaƙi. Babu wanda ya yi babban laifi a cikinsu. Amma a shekara ashirin layin ya tashi daga kamanninsa, kuma babu mai iya cewa ga ranar da abin ya faru.

Morris da Webb su ne suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta SPAB a 1877, tana nan har yau. Morris yakan ce mu masu riƙo ne kawai saboda waɗanda za su zo bayanmu. Da na fassara wa Yaya wannan, kalma ɗaya ta ishe ni: amana. Mu da muka taso muna ganin gidan gado da ba a yarda wani magaji ya rushe zaurensa shi kaɗai ba, wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan nan ya kwana da iyalai da yawa kafin Yaya, in Allah ya so zai kwana da wasu bayansa. Shekarunsa a ciki kaɗan ne daga cikin shekarun gidan.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a barin kowane zamani ya yanke hukunci da idonsa kaɗai. Shekara sittin da suka wuce masana da manyan jami'ai a Birtaniya suna ganin ginin zamanin Biktoriya mummuna ne, tarkacen ado ne da ya kamata a share. An kafa ƙungiyar Victorian Society a 1958 don a tsaya masa, da mutane irin su John Betjeman da Nikolaus Pevsner a ciki, amma duk da ihunsu aka rushe babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston da ke Landan a farkon shekarun 1960. Tashar St Pancras ma an so a yi mata haka. Da ƙyar aka sa ta a daraja ta ɗaya a 1967. Yau daga nan jirgin Eurostar ke tashi zuwa Faransa, baƙi na tsayawa suna ɗaukar hotonta. Waɗanda suka so rushe ta ba jahilai ba ne, sun yi imani da gaske cewa suna gyara ne.

"To sanyin fa?"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Yaro mai tari ba ya jin labarin tarihi. Amma kafin a yanke wa taga hukunci ya kamata a san yadda take aiki.

Tagar irin wannan gida fifike biyu gare ta, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. A cikin katakon gefe akwai rami da aka ɓoye ƙarfe mai nauyi, ɗaure da igiya da ta bi ta kan 'yar ƙaramar ƙafa mai juyawa, shi ke riƙe tagar a duk inda ka tsayar da ita. Komai nata ana iya kwancewa. Igiya ta tsinke, a sa sabuwa. Gindi ya ruɓe, kafinta ya yanke wurin da ya ruɓe ya dasa sabon katako. Iskar da ta taɓa hannuna ranar nan ta cikin giɓi take shigowa, giɓi kuwa ana toshe shi da wani siririn buroshi da ake dasawa a gefen fifiken, ba a ma ganinsa. In ana son ƙarin ɗumi sai a ƙara gilashi na biyu daga ciki, a bar na waje yadda yake, hukumomi kuma sun fi saurin yarda da wannan.

Katakon da ke jikin waɗannan tagogi daga itatuwan da suka girma a hankali a ƙasashe masu sanyi aka yanko shi, ƙwayarsa a matse take. Tagar Yaya ta haura shekara ɗari da arba'in, abin da ya lalace a jikinta bai fi tafin hannu biyu ba. Ta roba kuwa, da wuya ta kai shekara talatin ba ta nemi canji ba, kuma in hazo ya shiga tsakanin gilasan nan biyu ko robar ta tsage, sau da yawa sai dai a cire a sa wata.

Haka bangon yake. Bulo ne zalla ba rami a tsakiya, an haɗa shi da kwaɓin farar ƙasa. Yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi in iska ta kaɗa. Idan mai gyara ya zo da siminti ya liƙe tsakanin bulon, ruwa ya shiga ya rasa mafita, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta fara ɓarewa, danshi ya ɓullo a cikin ɗaki. Duk wanda ya taɓa ganin gidan ƙasa da aka shafe da siminti a Kano ko Zariya ya san wannan ciwo. Shekara kaɗan shafen ke kumbura, ya ɓalle faifai guda, ka tarar da ƙasar bayansa jiƙe sharkaf. Garin neman gira a rasa ido.

Abin da SPAB ta tsaya a kai tun ranar farko shi ne a tare lalacewa da kulawar yau da kullum: a tokare bangon da ya karkata, a toshe rufin da ke yoyo, kada a jira sai abu ya mutu a zo a gina sabo a ce masa tsoho. Na duba saman tagar Yaya daga waje kafin in tafi. Indararon da ke kanta ya cika da ganye, har ciyawa ta tsiro. Ruwan da ya ruɓar da katakon daga nan yake zuba.

"Mutane na neman wurin kwana, ku kuna lallashin bulo"

Ana yawan faɗin wannan, kuma matsalar gidaje a Ingila gaskiya ce, duk mai biyan haya a Landan ya sani. Amma lissafin bai goyi bayan zargin ba. Ingila na da gidaje sama da miliyan 25. Abin da ke cikin rajista kimanin 400,000 ne, kuma a cikinsu akwai coci-coci, gadoji, kaburbura, har da akwatunan tarho. Yawancin gidajen zamanin Biktoriya ba sa ciki sam, don ginin bayan 1850 sai an tace sosai ake shigar da shi. Ko da an rushe duk gidajen da aka kare gobe, ba za a ji sauƙin haya ba.

Kuma an gwada rusau ɗin. A Liverpool akwai wata unguwa da ake kira Welsh Streets, ƙananan gidajen ma'aikata na zamanin Biktoriya, ɗaruruwa. A farkon shekarun 2000 aka yanke shawarar rushe su a ƙarƙashin wani shirin gwamnati na sabunta unguwanni. Aka kwashe mutane, aka toshe tagogi da ƙarfe, gidajen suka zauna kango sama da shekara goma ana ja-in-ja. A 2015 minista ya ƙi amincewa da rusau ɗin. Daga baya aka gyara su, yau iyalai ke ciki. Gidajen da aka ce sun mutu suna da sauran rai, shekarun da suka yi a rufe ne asarar.

Shi kansa Ted Hollamby da ya riƙe Jan Gida, aikinsa na yini shi ne zana wa talakawa gidaje a ƙaramar hukumar Lambeth. Bai ga wani saɓani tsakanin ayyukan biyu ba, ni ma ban gani ba.

"Kai da suka ci garin kakanninka"

Da muka zauna shan shayi Yaya ya jefo wannan, kuma ta shige ni. Ya ce, "Wai kai ne yau kake kare kayan tarihin Turawan mulkin mallaka?"

Ban manta ba. A zamanin Biktoriya aka ba kamfanin Royal Niger izinin sarauta a 1886. Tana kan gado Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900. Ta rasu a 1901, shekara biyu bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗi. Dukiyar da ta gina manyan gidaje da yawa na wancan ƙarni ta bi ta hanyoyin da ba su da tsabta. A 2020 National Trust da kanta ta fitar da rahoto da ya nuna wurare 93 da ke hannunta suna da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka, aka yi ta surutu a kai. Kuɗin Morris ma daga hannun jarin mahaifinsa a wata mahaƙar tagulla ta Devon ya fito, inda ma'aikata suka sha wuya, daga baya kuma wurin ya zama babban tushen gubar arsenik. Shi Morris a ƙarshen rayuwarsa ya koma ɗan gurguzu, ya fito fili yana adawa da yaƙin da Birtaniya ta yi a Sudan.

To amma wa rusau zai yi wa amfani? Gidan da ke tsaye shaida ne. Ana iya tsayawa a gabansa a tambayi wa ya gina, da kuɗin me, wa ya yi dakon bulon, wa ya kwana a ɗakin ƙasa mai duhu yana hura wuta kafin masu gida su tashi. Rahoton nan na 2020 ya yiwu ne don gidajen suna nan. In an share su, an share wurin yin tambayar.

Sannan hannun da ya ɗora bulon nan na magini ne, talaka mai neman abincin 'ya'yansa. Igiyar tagar nan wani kafinta ne ya ɗaura ta, ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, kuma aikinsa ya yi ta hawa da sauka fiye da ƙarni guda. Ina ganin girman wannan ko a wace ƙasa na same shi. 'Ya'yan Yaya kuma a nan aka haife su. A bakin tagar nan babbar 'yarsa take zama ta yi karatun Alƙur'ani bayan makaranta. Tarihin gidan ya riga ya haɗa da su.

Inda Yaya ke da gaskiya

Yanzu ga abin da ke ba ni haushi ni ma. A Birtaniya in ka gina sabon gida daga tushe, ba a ɗora wa aikin harajin VAT. In ka gyara tsohon da ke tsaye, ka biya kashi 20 cikin 100. Wato wanda ya kira katafila ya share fili ya fi samun sauƙi a wurin gwamnati a kan wanda ya kira kafinta. A da akwai ɗan rangwame ga wasu ayyukan da aka ba da izininsu a gidajen da ke rajista, shi ma aka soke shi a 2012.

Ka ce wa mutum gidansa dukiyar al'umma ce, ka hana shi hanya mai arha, ka tilasta masa neman ƙwararren kafinta da mai aikin farar ƙasa waɗanda suke da tsada don sun yi ƙaranci, sannan ka karɓi fam 20 a kan kowane fam 100 da ya kashe wajen riƙe maka amanar. Wannan ba adalci ba ne. In al'umma na da rabo a tagar, ta ɗauki rabonta na ɗawainiya. Tallafin da ake bayarwa yawanci yana tafiya ne ga manyan gine-gine da ke cikin haɗari, mai gida mai daraja ta biyu da wuya ya ga ko sisi.

Na biyu, yadda ake magana da mutane. Wasiƙar da Yaya ya nuna min shafi biyu ce cike da lambobin sashe da sakin layi, ta faɗi abin da ba zai yi ba, ba ta faɗi abin da zai iya yi ba. Babu wanda ya zo ya taɓa katakon. Ƙananan hukumomi da yawa sun rage jami'an kula da tsofaffin gine-gine saboda ƙarancin kuɗi, waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa, sai amsa ta daɗe, in ta zo kuma ta zo a bushe. Mutumin da aka yi wa haka yakan fita da ƙiyayyar gidan nasa. Wani ya yi aikin a ɓoye, wani ya bar gidan ya lalace don haushi, duk biyun kuwa asara ce ga abin da dokar ke son karewa.

Ana iya yin abin da ya fi haka, an ma fara. A 2022 ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta ba da izini na bai-ɗaya na sa farantan sola a rufin yawancin gidajenta da ke rajista, bisa sharuɗɗa, ba sai kowa ya cika takarda ya jira ba. A 2024 Historic England ta fitar da jagora kan yadda za a rage wa tsofaffin gine-gine shan makamashi ba tare da an ɓata su ba. Abin da ya rage shi ne irin wannan sauƙi ya kai kowane layi, a rubuta shi da harshen da mai gida zai gane, a kuma daidaita harajin gyara da na sabon gini, ko a sauke shi gaba ɗaya ga gidajen da doka ta kare. Duk mai irin wannan gida ya kamata ya rubuta wa ɗan majalisarsa a kan wannan, na kuma ce wa Yaya zan taya shi rubuta tasa.

Jiya da yamma ya kira ni. Ya ce ya sa an hau an share indararon, an ciro ganye bokiti biyu. Wani dattijon kafinta ya zo ya duba tagogin huɗu, ya soka musu tsinken ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya ce uku lafiyarsu ƙalau, igiya da buroshi kawai suke so, ɗaya ce za a yanke wa gindi a dasa sabo. Kuɗin da ya faɗa bai kai na tagogin roba ba, amma da aka ɗora harajin sai Yaya ya sake yin tsaki.

"Ƙanena," ya ce, "har yanzu ban yarda da kai duka ba. Amma ranar Lahadi ka zo ka kai ni in ga wannan Jan Gidan naka. Kuma ka taho da biro, mu rubuta wasiƙar."